Raga, kilif ko abin nauyi: me ya fi riƙe leda a girkin su-bid?

Ranar da na gane cewa na'ura kaɗai ba ta isa ba, baƙi shida nake jira. Na sa tsokar ƙirjin kaza a leda shida, kowace da gishirinta da tafarnuwa da ɗan man shanu, na zuba su a babbar tukunya, na saita na'urar dumama ruwa a digiri 63 na ma'aunin Celsius, na tafi sabgogina. Bayan awa ɗaya da rabi na dawo na tsame su. Ledojin da ke gefe sun dahu luguf. Na tsakiya kuwa da na sa wuƙa, cikin ɗanye ne sharaf, har yana sheƙi. Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, ruwan yana nan a 63 ɗinsa. Abin da ya faru shi ne ruwan da take kaɗawa ya tura ledojin zuwa kusurwa ɗaya, suka manne da juna, suka zama kamar dunƙulen nama guda. A kasko na ƙarasa su a daren, kuma busasshiyar kazar da na gudu tun farko ita na ajiye wa baƙi.

Ga wanda bai saba da girkin ba: Faransawa ne suka raɗa masa suna sous vide, ana furta shi su-bid, ma'anarsa abin da aka zuƙe wa iska. Ana rufe abinci a leda, a fitar da iskar, a nutsa ledar a ruwan da na'ura ke riƙe zafinsa daidai ba hawa ba sauka, a bar shi awa ɗaya, ko huɗu, ko kwana biyu. A shekarar 1974 wani kuku mai suna Georges Pralus ya fara amfani da dabarar a gidan abincin Troisgros da ke garin Roanne a Faransa, don hantar agwagwa ta daina narkewa tana asarar nauyi a wuta. A wancan lokacin kuma wani masanin kimiyyar abinci mai suna Bruno Goussault yana ta nasa binciken kan zafi da lokacin da kowane nama ke bukata. Yanzu da kamfanoni irin su Anova da Breville suka mayar da na'urar 'yar sanda guda da ake maƙalawa a bakin tukunya, girkin ya shigo kicin ɗin gida.

Duk girkin nan a kan abu ɗaya ya tsaya: ruwa ya taɓa ledar ta kowane ɓangare, kuma ya zama yana motsi. Babu wuta mai ƙarfi da za ta rufe maka kuskure. Ruwan digiri 60 ne kawai, a hankali zafinsa ke ratsa nama daga waje zuwa ciki, kuma kauri ne ke yanke lokacin. Douglas Baldwin, wani masanin lissafi Ba'amurke da masu wannan girki ke dogaro da jadawalinsa, ya lissafa cewa yankan nama mai kaurin milimita 25 da aka ciro daga firij yana bukatar kimanin awa ɗaya da kwata kafin tsakiyarsa ta kamo zafin ruwa. Mai milimita 50 kuwa sai ya yi kusan awa uku da rabi. To in leda biyu masu milimita 25 suka manne, a wajen zafi yanka ɗaya ne mai milimita 50, kai kuma kana can kana ƙidaya awa ɗaya da kwata. Wannan shi ne abin da ya sami kazata.

Akwai matsala ta biyu, kuma ba ɗaya ba ce da ta farko. Leda na tasowa saman ruwa. Iska ce ke jawo hakan: wadda ta maƙale lokacin rufewa, ko wadda ke fita daga jikin kayan lambu in sun ji zafi, ko ta cikin ƙashi, ga kuma kitse da dama bai kai ruwa nauyi ba. Ɓangaren da ya leƙo sama ba ya dahuwa yadda ya kamata, domin ruwa ya fi iska isar da zafi fiye da sau ashirin. A girkin awa ɗaya, abin da za ka samu nama ne rabi dafaffe rabi ɗanye. A girkin awa ashirin da huɗu kuwa maganar ta wuce ta ɗanɗano, domin ƙwayoyin cuta irin su Clostridium perfringens suna iya hayayyafa har zuwa wajen digiri 52, kuma gefen da ke waje yana iya kwana a ƙasa da haka.

Na daɗe a kan waɗannan biyun ne saboda nan mutane ke ɓata kuɗinsu. Mannewa daban, tasowa daban. Kilif, abin nauyi da raga (wato abin jera ledoji na waya), kowanne akwai wadda yake magancewa, akwai wadda ba ruwansa da ita. Wanda karas ɗinsa ke yawo a saman ruwa ya je ya sayi raga marar marufi, zai dawo gida karas ya ci gaba da yawonsa, sai dai yanzu a tsakanin wayoyi.

Mu fara da mai araha. Kilif, ko na takardun ofis mai baƙin ƙarfe, ko na shanyar kaya, aikinsa ya kama bakin leda ya maƙale ta a gefen tukunya. Ga mai amfani da leda mai zif, wadda ake nutsawa a ruwa a hankali ruwan ya matse iskar waje sannan a rufe, kilif kusan dole ne, domin yana riƙe bakin zif ɗin a sama, ruwa ba zai samu hanyar shiga ba. Yana kuma hana ledar zuwa ta toshe bakin na'ura inda take jan ruwa. Leda ɗaya ko biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, ba ka bukatar wani abu kuma. Shekara guda na yi ina haka lafiya lau.

Inda kilif ya gaza: sama kawai ya riƙe, gindin ledar yana nan sake. In akwai iska a ciki, gindin zai ɗago ya kwanta a saman ruwa kamar tuta. Sannan ledar tana jingina da bangon tukunya, gefen da ke jikin bango ba ya samun ruwa mai motsi sosai. Ga kuma murfi. Da ka jera kilif huɗu a bakin tukunya, murfi ya daina zama, tururi yana fita, ruwa yana raguwa. Na ofis ɗin kuma tsatsa yake yi, bayan 'yan makonni za ka ga jan tabo a bakin tukunyarka. Masu sayar da kayan su-bid suna da nasu kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na roba mai jure zafi, sun fi kyau, amma aibin gindin leda da na murfi suna nan.

Abin nauyi shi ne kishiyar kilif: yana jan leda ƙasa, bai damu da wa take jingina da shi ba. Dabarar da ta fi tsufa ita ce a jefa cokali ɗaya ko biyu masu nauyi a cikin ledar kafin a rufe. Tana aiki, in dai cokalin na ƙarfen da ba ya tsatsa ne kuma ba shi da kaifin da zai huda leda. Wasu suna ɗaure duwatsun gilashi a 'yar ƙaramar leda su sa a gindin babbar. Wata dabarar da na fi so: a maƙala kilif a gindin ledar ta waje, a soka cokali a hannun kilif ɗin, sai ledar ta tsaya a tsaye cikin ruwa, bakinta sama, gindinta ƙasa, kuma ƙarfen bai taɓa abinci ba. Ana kuma sayar da ƙarfen nauyi da aka lulluɓe da silikon musamman don wannan. Abin da ba zan sa a ledar abinci ba ko an biya ni: tsabar kuɗi, dalmar da masunta ke ɗaura wa koma, da duk wani ƙarfen da ban san da me aka haɗa shi ba.

Kife faranti a kan ledoji shi ne abin da hannu ke fara kaiwa in an ga sun taso. Kada ka yi in kana da wata hanya. Faranti yana danne su wuri ɗaya, wato ka magance tasowa ka haifi mannewa, kuma yana tare ruwa. In danniya kake so, ragar gashi mai faɗi ko matsamin ƙarfe sun fi, ruwa na bi ta ramukansu. Mayen ƙarfe kuma, wanda ake sa ɗaya a ciki ɗaya a waje su kama ledar a bango, yana da kyau a robar da bangonta siriri ne, amma a mazubi mai kaurin bango irin kular abinci da wuya ya kama.

Yanzu raga. Siffarta kamar abin da ake jera faranti bayan wanke-wanke: gindi na waya, da wayoyi a tsaye layi-layi, kowace leda da gurbinta. Abin da take yi wanda babu mai yinsa cikin sauran shi ne tilasta tazara. Leda shida, gurbi shida, ruwa na bi ta tsakanin kowace biyu, kuma tana ɗaga su daga ƙasan tukunya ruwan ya bi ta ƙarƙashi ma. Lokacin da ka lissafa wa leda ɗaya shi ne na dukansu. Akwai wasu amfanin da sai ka fara aiki da ita za ka lura. In kana da naman da za a tsame a lokuta daban-daban, ka san na farko yana gurbin farko, ba sai ka yi ta lalube da yatsu a ruwan zafi ba. In ragar tana da hannu, ɗaga ɗaya za ka yi ka kai dukansu cikin ruwan ƙanƙara, abin da masu dafawa su ajiye na mako ke bukata, domin sanyaya abinci da sauri yana cikin sharuɗɗan ajiyarsa. Kuma abin mamaki, roba ɗaya ta fi ɗaukar leda da yawa in suna tsaye a jere fiye da in suna yawo.

Masu ƙera kayan nan sun san haka tun farko. SousVide Supreme, tukunyar ruwa ta gida da ta fito a 2009, ba ta da famfon kaɗa ruwa ko ɗaya. Daga ƙasa take dumamawa, ruwan zafi ya hau, mai sanyi ya sauka. Shi ya sa da ragarta ake sayar da ita, da kuma faifan ƙarfe mai huji-huji da ke zama a gindi. In aka zube ledoji a kwance a irin wannan tukunya, an toshe wa ruwan hanya ke nan. Duk wanda na'urarsa ba ta kaɗa ruwa, ko tana kaɗawa amma ba ƙarfi, raga a wurinsa ba ado ba ce.

Ragar ma iri-iri ce. Akwai wadda aka yi don wannan aiki, kamar na kamfanin LIPAVI da ke sayar da raga da robarta kowace da girman da ya dace da 'yar'uwarta. Ana iya cire wasu wayoyin a faɗaɗa gurbi in yankan nama mai kauri ne, ana naɗe ta a ajiye, kuma wasu suna da sandar da ke gittawa ta sama. Akwai ta aro: abin jera murafan tukwane na kamfanin IKEA mai suna Variera ya yi suna a wajen masu wannan girki, domin na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, ana jan shi ya buɗe a tura shi ya tsuke daidai da roba, kuma kuɗinsa bai kai na ragar musamman ba. Sai dai sanduna ne a tsaye ba bango ba, ƙaramar leda takan zame ta tsakaninsu. Akwai kuma abin jera faranti na kicin ɗinka. In na ƙarfe mai kyau ne kuma ya shiga roba, bismilla.

Maganar ƙarfe ba ƙarama ba ce, domin abin zai kwana cikin ruwan ɗumi. Ragar da aka yi wa fenti ko aka shafa mata sheƙi a sama, da zarar ta ɗan karce tsatsa ta kama ta, ruwan ya koma ja. Ba zai shiga leda ba, amma zai shiga na'urarka. Ta alminiyam tana dushewa ta yi baƙi-baƙi. Ta katako ko ta gora, ita da kanta tasowa za ta yi, ga funfuna daga baya. Ka nemi wadda aka rubuta 304 ko 316 a jikinta ko a kwalinta, lambobi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta 316 an ƙara mata sinadarin molibdenom, ta fi jure gishiri, amma tunda ruwan su-bid ba a sa masa gishiri, 304 ta wadatar in ana shanya ta bayan aiki. Kafin ka biya kuɗi, ka bi duk bakin wayoyin da yatsa. In wani ya karce ka, zai huda leda. In ruwanku mai barin farin ɓawo ne a jikin buta, zai bari a raga ma, sai a jiƙa ta a ruwa da binega lokaci-lokaci.

To ina aibin raga? Na farko na riga na faɗa, zan kuma maimaita don shi ake mantawa: raga marar sandar sama ba ta hana tasowa. Ledar da ke da iska za ta zame ta fito daga gurbinta kamar ba a sa ta ba. Na biyu, tana cin wuri kuma tana son zurfi. Leda a tsaye ta fi leda a kwance bukatar ruwa, kuma kowace na'ura tana da layin da ruwa ba zai wuce ba. Kana iya sayen raga, ka jera nama, ka tarar saman yankan yana leƙowa alhali ruwa ya riga ya kai layin ƙarshe. Na uku, babban nama ba ya shiga. Cinyar rago guda, ko ƙirjin saniya, ko kaza sukutum, ba gurbin da zai ɗauke su, kuma ba sa bukata, tunda ba su da abokin mannewa. Abin da suke so shi ne 'yar raga mai faɗi a ƙasa ta ɗaga su, wata a sama ta danne su. Kifi mai laushi irin salmon kuma, in ya dahu a wajen digiri 50 yana iya farfashewa in gurbin ya matse shi, gara a ba shi gurbi mai faɗi.

Shi ya sa nake cewa mazubi ake fara zaɓa, raga ta biyo baya. Yawancin ragogi masu kusurwa huɗu ne, an yi su don robobin nan masu haske irin na Cambro da Rubbermaid, wanda aka fi amfani da shi a gida mai ɗaukar lita 11 da ɗoriya. A tukunya mai da'ira, raga mai kusurwa ko ta ƙi shiga, ko ta shiga ta cinye wurin na'ura. Ka ɗauki tef ka auna cikin mazubin a gindi, ba a baki ba, domin robobin nan suna tsukewa ta ƙasa. Ka cire wurin da sandar na'ura za ta tsaya da ɗan fili a gabanta don ruwa ya fita. Abin da ya rage shi ne girman ragarka. Ni ban yi wannan awon ba karon farko, kuma ragar da na saya tana nan ina jera murafai a kanta.

Akwai girki biyu da raga mai sandar sama ta yi wa sauran nisa. Na farko kayan lambu. Karas, dankali da kabewa sai a wajen digiri 84 zuwa 85 suke laushi, kuma a wannan zafin suna fitar da iska, ledar da ka rufe tsam za ta kumbura cikin minti ashirin. Cokali biyu ba sa riƙe ta. Leda mai zif ma ba ta son wannan zafin, ɗinkinta na iya saki, gara ledar injin zuƙe iska. Na biyu dogon girki, irin haƙarƙarin saniya da ake bari awa 48 har zuwa 72. Ba wanda zai tsaya gadin tukunya kwana uku. Kana bukatar murfi da ya zauna daram don ruwa kada ya ƙafe, ka ga kilif ya fita daga lissafi, kana kuma bukatar abin da zai riƙe naman a ƙasa ko da ɗan tururi ya taru a ledar cikin dare. Amma a kula: in ledar nama ta kumbura tam kamar balan-balan a dogon girki, ka buɗe ka ji wari, wannan ba iskar da raga za ta danne ba ce. Ƙwayoyin cuta ne suka yi aiki, zubarwa za a yi.

Ƙwai ba ya bukatar ko ɗaya cikin waɗannan, da ɓawonsa ake sa shi. Ɗan kwandon ƙarfe ya isa, don ruwa kada ya yi ta gara shi yana buga shi da bango.

Kwanakin baya ƙanwata ta sayi tata na'urar, ta zo ta tarar da ragata a cikin roba, ta ce, "Yaya, wannan ba abin kife faranti ba ne? Sai na saya shi ma?" Na tambaye ta mutum nawa take dafa wa. Ta ce ita da maigidanta, yawanci yanka biyu na nama ko ƙirjin kaza biyu. Na ce ta bar kuɗinta a jaka, na ba ta kilif biyu, na nuna mata yadda ake soka cokali a gindin leda. Wanda ke dafa leda uku zuwa sama a kai a kai, ko yake haɗa abincin mako a rana ɗaya, shi ya kamata ya sayi raga, kuma in zai saya ya ƙara ɗan abin da ya rage ya ɗauki mai sandar sama, don kada ya koma kasuwa ranar da ya fara dafa karas. Wanda ke tsakani, yau biyu gobe huɗu, abin jera murafai da cokula a kilif za su kai shi. Mai babban nama guda kuwa, ragar gashi biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama.

Ta juya kilif ɗin a hannu ta ce, "To in baƙi suka zo fa?" Na ce ranar ta aiko a karɓi tawa, amma ta auna robarta tukuna.